Na Iso Jiya

Hafsatu ta jefa wayar cikin busasshen kwanon sha don muryar ta ƙara ƙarfi, sannan ta ɗaga hannu. Matan da ke tsakar gidan suka yi tsit. Har mai tankaɗe ta tsaya da rariya a sama, gari yana zuba a ƙafarta.

Muryar Zinatu, 'yar Hafsatu, ta fito daga cikin kwanon, siririya, tana ajiye kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai taka ƙasar da ke da ƙaya. Ingilishi take yi. Ba wadda ta ji ko kalma guda a cikin matan, amma duk suka gyaɗa kai.

"Khairiyya, ke ce ɗalibar Madam mai Ingilishi, juya mana," in ji Hafsatu, ko da yake an sha juya mata wannan saƙon har ta haddace shi.

Khairiyya ta gyara mayafi ta faɗa da Hausa: Zinatu ta ce tana lafiya, aiki yana da kyau, uwar ɗakinta mutuniyar kirki ce, kada a damu da ita. Matan suka yi ta barka. Wata ta ce yarinyar da ko Faransanci sai da bulala take yinsa, ga ta yau tana yi wa uwarta yaren Dubai. Hafsatu ta yi dariya har da share ido da gefen zane. Ta sake bayyana musu abin da kowa ta riga ta sani: a otel ɗin da 'yarta ke aiki ba a yarda ma'aikata su yi wani yare ba sai wannan, ko waya ba a barinsu da ita a shekarar farko, shi ya sa saƙon ke biyowa ta wata lambar waje da Madam ta sani.

Mina, uwar Khairiyya, tana gefen tabarma ba ta ce komai ba. Ba a saba jin bakinta a taro ba. Daga Gougaram aka kawo ta Arlit tana amarya, Hausa kuwa da girma ta same ta, har yau takan ce wa mace "shi", matan unguwa su kwashe da dariya. Tun tana jin haushi har ta gane cewa mai rufe baki kunnensa ke ƙoshi.

Da aka sake kunna saƙon, sai ta bar muryar ta wuce, ta saurari abin da ke bayanta. Can ƙasa-ƙasa akwai wani sauti. Ƙwan-ƙwan, sai ɗan shiru, sai wani ƙara mai taushi kamar an ajiye abu an ja. Ya sake dawowa. Ta san shi. Ta san shi yadda mutum ke sanin tarin ɗan gidansu ta bayan bango, amma ta rasa inda ta san shi.

"Maman Khairiyya, kin yi shiru," Hafsatu ta ce tana taɓa mata gwiwa. "Saura taku. In Allah ya so, kafin azumi ke ma kin nemi kwano."

Mina ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

* * *

Tun da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan garin ya zama kamar gidan da aka gama biki. Motocin da ke kwasar ma'aikata suka ragu, butik na 'yan tireda suka yi ta rufewa, mazan unguwa suka watse neman abin yi. Ismaghil, mijin Mina, wanda ya yi shekaru yana tuƙa ɗaya daga cikin motocin nan, ya koma jigilar ruwa zuwa Tchibarakaten wurin masu haƙar zinariya, sai a daɗe ba a ga ƙeyarsa a gida ba. Khairiyya, wadda karatunta ya tsaya tun tana ƙarama, ta kai shekara ashirin tana sharar gida ɗaya, tana kallon bango ɗaya.

Ana cikin haka Madam Rashida ta bayyana. Ba wanda ya san garinsu takamaimai. Ta kama ɗaki a bayan kasuwar ƙarafa, ta ce tana koyar da Ingilishi ga 'yan mata masu son aikin otel a Dubai, ita za ta nema musu takardu, ita za ta raka su. Ba ta karɓar ko dala. Wannan shi ne abu na farko da ya tsaya wa Mina a rai: kyauta, a garin da ko ruwa sai an saye shi a bido, jarka-jarka.

Amma yarinyar ta sauya. Ta koma rera waƙa in tana wanke-wanke, tana maimaita darasi da ƙarfi, kwanuka suna amsa mata. A gida Tamajak, harshen iyayensu, suke yi, da shi ta bayyana wa Anna, wato uwarta, cewa Ingilishi ba wani abin tsoro ba ne. Madam ta ce kamar buga bulo yake: ƙirar ɗaya ce, abin da aka zuba a ciki ne ke sauyawa. In ka ce "I am", wato kana faɗin yadda kake, sai ka zuba "fine" in lafiya kake, "happy" in kana farin ciki, "ready" in ka shirya. In ka ce "I will", wato za ka yi abu, sai ka zuba "clean" ko "wash" ko "come", shara ke nan da wanki da zuwa. Da ƙira kaɗan, in ji Madam, mutum sai ya gina gida guda na magana.

Abin ya burge Mina, ba ta ɓoye ba. Tana hura gawayin shayi, sai ta ji bakinta yana bin na 'yarta. "Yes, madam. I am sorry, madam. I will do it now." Sautin ya zauna mata a ka tun kafin ma'anar ta zauna, yadda Hausa ta yi mata a da. Kullum takan tambayi me wannan ke nufi, me wancan ke nufi, Khairiyya ta faɗa mata: to, ranki ya daɗe, ki yi haƙuri, yanzu zan yi. Ta yi ta tara su a ranta kamar mai tsintar dabino, har wata la'asar ta duba abin da ta tara ta ga duk iri ɗaya ne.

"In kin gaji fa," ta tambaya, "me za ki zuba a cikin ƙirar?"

Khairiyya ta tsaya da soso a hannu. Ta ce ba a kai nan ba tukuna.

"In ba ki da lafiya?"

Shi ma ba a kai ba.

"In kin ɓata a hanya, yaya za ki tambayi sunan garin da kike?"

Ta ce Madam ta ce tambaya tana da wuya, sai an juya jimlar, wannan darasin mataki na biyu ne, a can za a yi musu shi.

"Yaya ake cewa a'a?"

Khairiyya ta yi dariya. "No. Haba Anna, wannan ai ko yaran titi sun sani."

"Madam ce ta koya muku?"

Yarinyar ta ci gaba da goge kwanon da ya riga ya fita.

Mina ta tuna ranar da aka kawo ta Arlit a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Gwaggonta ta riƙe mata hannu tun daga Gougaram tana cusa mata Hausa a kunne, ba gaisuwa ba, ba godiya ba. "Ba na so." "Sake ni." "Ina hanyar gida?" Tsohuwar ta ce gaisuwa kowa zai koya miki, wannan kuwa sai wanda ya haife ki.

* * *

Hannun butar shayi ne ya karye, shi ya kai ta kasuwar ƙarafa. Mano maƙeri take nema. Danginsa su ne maƙeran gidansu tun kakanni, shi ya ƙera mata awarwaron aure, kuma tsakaninsu akwai wasan da ke ba maƙeri damar faɗa wa kowa abin da ya ga dama. Tun da ya sauya rumfa bara ba ta taka wurinsa ba.

Ta ratsa tsakanin tulin tsoffin bututu da ƙarafan da suka fito daga kamfani, waɗanda ake bugewa a mai da su murhu da ƙofofi. Maƙera da yawa ne ke aiki, ƙara ta ko'ina. Amma a cikin hayaniyar nan sai kunnenta ya tsinto guda ɗaya. Ƙwan-ƙwan, ɗan shiru, sai a ajiye a ja.

Ta tsaya cik a tsakiyar hanya, har mai amalanken ruwa ya yi mata tsawa.

Tun Mano yana saurayi raƙumi ya cije shi a kafaɗa. Daga ranar ba ya iya bugu uku a jere. In ya yi biyu sai ya kwantar da gudumar a kan uwar maƙera ya ja ta, kafaɗar ta huta. A duk faɗin ƙasar Aïr ba ta taɓa jin mai irin bugun nan ba sai shi.

"Yau wace iska ta jefo 'yar masu raƙuma cikin tsatsa?" in ji Mano, bai ko ɗago ba. "Ba kwa tuna maƙeri sai abu ya karye. Ran da na mutu da hannu za ku riƙa tafasa shayi."

Ta miƙa masa butar, ta ce ran da ya mutu garin zai samu barci. Sannan ta tambaye shi ɗakin wane ne a bayan bangon da ya jingina rumfarsa. Ya ce na Madam mai Ingilishi ne, kuma ta ishe shi. Duk ranar da za su yi abin da take kira ɗaukar murya sai ta aiko a ce ya dakata da bugu. Shi kuwa ya ce mata in za ta ciyar da 'ya'yansa, sai ya dakata har tashin kiyama. Mina ta tambaya ko Zinatu 'yar Hafsatu ma an ɗauki muryarta. Mano ya juya butar yana duba karayar. Ya ce shi idonsa a kan ƙarfe yake. Da ya ga ba ta tafi ba, sai ya ƙara da cewa duk wadda tafiyarta ta matso sai an rufe ƙofa da ita, ta yi ta magana ita kaɗai kamar mai aljanu. Yau ma tun safe ake yi.

Mina ta zagaya ta ɗaya gefen. Takalman 'yan mata suna jere a bakin ƙofa, su kuma masu su suna zaune a inuwar wani bango suna jira. Khairiyya ba ta cikinsu, amma takalminta yana nan, mai ɗinki a maɗauri. An saya ƙofar, labule ya rufe sauran. Daga ciki muryar 'yarta tana fitowa, tana ajiye kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

Ta yi sallama. Ba a amsa ba. Ta sake yi, da ɗan ƙarfi.

Muryar ta yanke. Madam Rashida ta ɗaga labule ta fito, turarenta ya riga ta. Doguwa ce, da tabarau, bakinta yana murmushi idonta yana aiki. Ta kira Mina Hajiya, ta yi mata sannu da rana, ta yaba kaifin kan Khairiyya. Ta ce gwaji suke yi: kowace ɗaliba takan ɗauki muryarta ta saurara don ta ji kurenta da kunnenta. Yau darasin faɗin abin da ya riga ya wuce suke. Ta gefen labulen Mina ta hango 'yarta a tsaye, wayar Madam a dab da bakinta.

"In an gama," Mina ta ce da Hausarta, "muryar ina yake zuwa?"

"Gogewa ake yi, Hajiya. Me za a yi da ita?"

Madam ta faɗi haka tana dariya, amma ta cire tabarau ta dubi Mina da kyau, kamar yau ta fara ganin cewa akwai mutum a cikin mayafin.

A hanyar gida Khairiyya ta yi gaba tana kumbure-kumbure, wai an kunyata ta a gaban ƙawaye. Mina ta bar ta ta huce, sannan ta tambayi me take faɗa a cikin wayar. Ta ce jimloli ne kawai. "I arrived yesterday", wato na iso jiya. Sai ɗaki yana da kyau, sai ina lafiya, sai kada ku damu. Kowanne daban ake ɗauka. Akwai ma na barka da Sallah.

"Ina kika iso jiya?"

"Anna, misali ne."

"Sallar kuma, tun ba a ga watan azumi ba?"

Khairiyya ta ce ita dai an fi son a gan ta tana shara har ta tsufa.

* * *

Da hantsi Mina ta sami Hafsatu ita kaɗai tana suyar ƙosai. Ta zauna a kan turmi, ta roƙi a kunna mata saƙonnin Zinatu, duka, tun daga na farko. Hafsatu ta ji daɗi, ta share hannu ta kunna. Na iso jiya. Ɗaki yana da kyau. Ina lafiya. Barka da Sallah. Mina ta san kowace jimla kafin ta fito. A bayan kowacce kuma, wani lokaci kusa wani lokaci nesa, Mano yana bugu biyu yana hutar da kafaɗa.

Ta daɗe tana neman yadda za ta faɗa. Hausa ba ta taɓa yi mata ƙaranci irin na ranar ba.

"Maman Zinatu," ta ce, "'yarki, a nan Arlit ya yi maganar nan. Kafin ya tafi."

Da a ce wata rana ce, da Hafsatu ta gyara mata tana dariya. Yau ba ta gyara ba. Ta ce Dubai gari ne da ake gini dare da rana, guduma kuwa guduma ce a ko'ina. Mina ta ba ta labarin raƙumi da kafaɗa, da bangon da rumfar ke jingine da shi, da abin da ta gani jiya da idonta. Ta ce su tashi yanzu su je bakin rumfar Mano da wayar, su kunna, su haɗa da kunnensu. In ya zo ɗaya, sai su jira Ismaghil ya dawo su kai wa hukuma.

Hafsatu ta zuba wa kaskon ido. Ƙosan ya yi ja, ya wuce ja, ba ta kwashe ba.

"Kin ɗauka ni kurma ce?" ta ce a hankali.

Ta ce bayan ƙaramar Sallah uwarta ta rasu a Damagaram, kakar Zinatu da ta goye ta. Ta aika saƙo ta lambar nan tana kuka, ta faɗa mata. Amsa ta zo bayan 'yan kwanaki. Khairiyya ce ma ta juya mata, ba ta san abin da aka aika ba: Zinatu ta ce tana cikin farin ciki, kada a damu da ita. Tun ranar take jin gudumar. Ba ta san ta Mano ba ce, amma ta san ba ta can ba ce.

"To me ya sa kike tara mata kina kunna musu? Me ya sa kika ce mini saura tamu?"

Hafsatu ta kwashe ƙonannen ƙosan ta zube a gefe. Ta ce ta je wurin Madam ita kaɗai, ta durƙusa mata. Madam ta ce Zinatu tana nan da ranta, aiki ne ya yi yawa saboda ƙarancin hannu. In sababbi suka je, sai a saki tsofaffi su zo hutu.

"Kin yarda?"

"In ban yarda ba in yi me? In na kai wayar nan wurin hukuma, matar nan ta tsere, wa ya san inda 'yata take? Wa zai sake turo mini ko tarinta?" Ta ɗauki wayar ta cusa a ƙirji. "Muryar nan ita kaɗai gare ni, Maman Khairiyya. Ki tsare taki. Ki bar mini tawa."

* * *

Mina ta kira Ismaghil. Layin Tchibarakaten yana zuwa yana yankewa, sai ta faɗi magana sau uku kafin rabinta ya isa. Shi ma da farko ya ce guduma guduma ce. Amma ya san matarsa ba ta taɓa kiransa a bakin aiki don tatsuniya ba. Ya ce ta riƙe yarinyar a gida, yana sauke ruwan da ya ɗauko zai juyo, ran Juma'a yana Arlit, tare za su je.

Khairiyya ta saurari komai tana kuka. Ta ce Madam ta rantse musu da Alƙur'ani. Ta ce Hafsatu baƙin cikin rasuwa ne ya taɓa ta. Ta ce me ke cikin garin nan ban da tsatsa da tari, ko so ake ta zauna har a rufe ta kamar yadda aka rufe ramin. Mina ba ta yi musu da ita ba. Ta ce abu ɗaya take roƙo: kada ta koma ɗakin nan sai ubanta ya zo. In ya zo ya ji ya ce ta tafi, ita da kanta za ta ɗaure mata kaya. Da ƙyar yarinyar ta ce to.

Ta cika alkawari, ba ta je ba. Amma da yamma sai ta zo da fara'a ta ce wa uwarta hankalinta ya kwanta. Ta kira Madam a waya ta tambaye ta gaba da gaba, don bai kamata a zargi mutum a bayan idonsa ba. Ta faɗa mata batun gudumar, da batun hukuma, da ranar da Abba zai dawo. Madam ta yi dariya, ta ce uwa ai dole ta damu, ba komai, a jira shi.

Mina ta dafe kai. Ita ta koya wa yarinyar nan cewa ba a cin naman mutum a bayansa.

Washegari aka aiko cewa matar ƙanen Ismaghil ta rasu a Akokan. Ba gaisuwar da ake aikawa ba ce. Mina ta ce su tafi tare, Khairiyya ta ce kanta yana ciwo, kuma wa zai dafa abin da za a kai gidan makoki. Mina ta tsaya a bakin ƙofa tana dubanta. Ta yi tunanin kulle gidan ta waje, sai kunya ta kama ta. Ba a kulle 'ya mace baliga kamar akuya. Ta ce ba za ta daɗe ba.

Ko zama kirki ba ta yi ba a gidan makokin. Kafin azahar ta dawo. An share tsakar gida tas. An dafa shinkafa an rufe, an ɗora dutse a kan murfin saboda kaji. Kwanuka a kife suna bushewa. Mayafin Sallah ba ya kan igiya.

Ba ta san ta iya gudu ba sai ranar. A bayan kasuwar ƙarafa ta tarar da kwaɗo a ƙofar Madam, labulen ma an cire. Mano ya ajiye guduma ya taso, karo na farko a rayuwarsa ba da wasa a baki ba. Ya ce da hantsi wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya, 'yan mata suka hau. Ya ga Khairiyya, ya kira sunanta. Ta ɗago masa hannu, ta ce Madam ta ce takardar shiga ƙasar yau za ta mutu in ba su tashi ba, ya faɗa wa Anna ta yafe mata, tana isa za ta aiko.

"Hanyar Agadez suka bi?" Mina ta tambaya. Can ne filin jirgi.

Mano ya dubi ƙasa. Ya nuna arewa da haɓa, hanyar hamada, inda kwalta ba ta zuwa.

* * *

Ismaghil ya iso ran Juma'a kamar yadda ya ce. Suka je wurin hukuma, aka saurare su, aka ce za a bincika, aka kuma fara. Lambar Madam a kashe. Mai ɗakin ya ce shi haya ya bayar. Ismaghil ya bi tashoshi yana tambayar direbobin da ya sani, kowa ya ce fararen motoci masu bin arewa ai ba su ƙirguwa. Hafsatu ta daina tara mata. In sun haɗu da Mina a bakin famfo, sai kowace ta dubi bidonta.

Wata rana da rana, suna zaune a inuwar rumfa shayi ya huce a gabansu, wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga lambar waje. Ismaghil ya ɗauka, ya goge yatsa a rawani. Ya ce ai ga shi, ai ya faɗa, wataƙila duk tsoron banza ne. Ya jawo kwanon sha ya zubar da sauran ruwan, ya sa wayar a ciki yadda ya ga ana yi.

"I arrived yesterday," in ji Khairiyya.

Ya runtse ido yana hamdala. Ya tambayi me take cewa, wa za a kira ya juya musu. Mina ta ce ba sai an kira kowa ba. Leɓunanta suna motsi, suna riga muryar isa kowace kalma. Ta ce ta iso jiya. Ta ce ɗaki yana da kyau. Ta ce tana lafiya.

Ƙwan-ƙwan. Ɗan shiru. Aka ajiye aka ja.

Ta ce kada mu damu.

Sai can daga nesa, ta bayan muryar, ta bayan gudumar, wata mata ta yi sallama.

Ismaghil ya ɗago kai ya dubi ƙofar gida. "Wa alaikumus salam," ya amsa. "Shigo."

Ba kowa a ƙofar, sai tabarmar da aka rataye tana motsi kaɗan. A cikin kwanon matar ta sake yin sallama, da ɗan ƙarfi wannan karon, yadda Mina ta yi ranar a ƙofar Madam, sannan saƙon ya yanke.